Tarihin Johann Bessler, Mai Wilin da Aka Ce Ba Ya Tsayawa

A hutun ƙarshen zango na shekarar 2023, 'yan watanni bayan an cire tallafin man fetur, na koma gida Kafanchan na tarar da kawuna, wanda tela ne, yana shirin sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa. Dalili kuwa shi ne wani matashi mai gyaran wuta ya kawo masa labarin janareta marar shan mai. Na bi Kawu muka je muka gani da idonmu. Akwati ne na ƙarfe mai fenti shuɗi, an danna wani maɓalli sai ya kama ƙugi, ƙwai biyu suka kama, fanka ta shiga juyawa. Matashin ya yi mana bayani cewa batir ne ke juya mota, motar ta juya altaneta, ita kuma altanetar ta mayar wa batirin da cajinsa, a haka za su yi ta yi har illa masha Allahu. Da na roƙe shi ya buɗe akwatin mu ga cikinsa sai ya ƙi, wai kada a sace masa fasaha. Sai an biya tukuna.

Ni ɗalibin harshe ne, abin da na sani na kimiyya bai wuce na sakandare ba. Amma ƙin buɗe akwatin nan ya tsaya mini a rai, har ya sa na shiga karance-karance. A nan ne na ci karo da wani Bajamushe da ya yi irin wannan da'awa shekaru fiye da 300 da suka wuce, ya kuma rikita sarakuna da manyan masana na zamaninsa. Tarihinsa ne nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai.

Asalinsa da sunansa

An haifi Johann Ernst Elias Bessler wajen shekarar 1680 a kusa da garin Zittau da ke yankin Saxony na ƙasar Jamus. Ɗan talakawa ne. Yawancin abin da ake faɗa game da ƙuruciyarsa daga alƙalaminsa ya fito, shi kuwa mutum ne mai son kambama kansa. Ya nuna cewa ya yi yawon duniya, ya koyi gyaran agogo da haɗa magunguna da wasu sana'o'in hannu barkatai. A garin Annaberg ya yi wa 'yar wani likita magani ta warke, daga baya ya aure ta.

Abin da zai fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne yadda ya sake wa kansa suna. Ya ɗauki baƙaƙen boko 26 ya raba su gida biyu, 13 a sama 13 a ƙasa, sa'annan ya musanya kowane harafi na sunansa da wanda ke daura da shi. Harafin B ya koma O, E ya koma R, S ya koma F, L ya koma Y, R kuma ya koma E. Da haka Bessler ya zama Orffyre, ya ƙara masa ɗafa-ƙeya irin ta Latinanci ya zama Orffyreus, kuma da wannan suna duniya ta san shi. Mai karatu zai ga cewa wannan zaurance ne tsantsa, irin wanda yara ke yi don kada manya su gane zancensu, sai dai nasa a rubuce yake. A ganina, tun daga nan halin mutumin ya bayyana: yana son a gan shi, amma ba ya son a karanta shi.

Wilin farko da waɗanda suka biyo baya

A shekarar 1712, a garin Gera, Bessler ya fito da abin da ya ce ya shafe shekaru yana nema. Wani wili ne na katako mai kama da faffaɗar ganga, faɗinsa ya kai kamar ƙafa shida da rabi, an rufe cikinsa ruf, yana rataye a kan sandar tsakiya, wadda makanikai ke kira shaf. Da zarar an sake shi sai ya kama juyawa, ba ruwa, ba iska, ba doki, ba hannun mutum. Bessler ya ce a cikinsa akwai wasu nauyaye da ya jera ta yadda kullum gefe ɗaya zai fi ɗaya nauyi, don haka ba zai taɓa tsayawa ba.

Ba shi ne farkon mai wannan tunani ba. Tun wajen 1150 masanin lissafin nan na Indiya, Bhaskara na biyu, ya siffanta wani wili mai ɗauke da bututai da aka zuba wa zaiba. Wajen 1230 wani Bafaranshe mai suna Villard de Honnecourt ya zana nasa mai guduma-guduma a gefe. Leonardo da Vinci ma ya zana irinsu, ya gwada su a lissafi, ya ƙare da yi wa masu neman abin ba'a. Bambancin Bessler da waɗannan shi ne nasa wilin an gan shi yana juyawa.

A 1713 ya koma Draschwitz, kusa da Leipzig, ya gina wanda ya fi na farko girma. A nan ne babban masanin falsafa da lissafi Gottfried Leibniz ya je ya gani a 1714, kuma abin ya ba shi sha'awa, duk da cewa shi Leibniz bai yarda akwai injin da zai ba da aiki daga babu ba. Zatonsa shi ne akwai wani ƙarfi na ɓoye da ke shiga wilin daga waje. Daga nan Bessler ya tafi Merseburg ya gina na uku, mai faɗin ƙafa 12, wanda ake iya juya shi dama ko hagu. Ranar 31 ga Oktoba, 1715, wani kwamiti na manyan mutane, cikinsu har da Farfesa Christian Wolff, ya duba shi. An ɗauke wilin daga inda yake an mayar da shi kan wasu ginshiƙai dabam, ya ci gaba da aiki, ya kuma ɗaga kaya da igiya. Suka ba shi takardar shaida. Sai dai akwai abu ɗaya da ba a bar su sun yi ba, wato leƙa cikin wilin.

Masu shakka ba su yi shiru ba. Mutum uku ne suka fi matsa masa: Andreas Gärtner, gwanin ƙere-ƙere na fadar Dresden, da Christian Wagner, masanin lissafi a Leipzig, da Johann Gottfried Borlach. Borlach ya buga wani zane da ke nuna mutum a ɓoye a ɗaki na kusa yana jan wilin ta wata hanya da aka bi da ita cikin ginshiƙi. Wagner kuwa ya haɗa nasa wilin da ke aiki da sifirin irin na agogo, don ya nuna cewa ana iya yin abin da Bessler ya yi ba tare da wani sirri na daban ba. Bessler ya mayar musu da martani da wani dogon littafi cikin waƙa mai suna Apologia Poetica, wanda zagi ya yi yawa a cikinsa, bayanin injin kuwa sai habaici da kacici-kacici.

Kwana 54 a ɗaki kulle

A wannan lokaci ne Karl, sarkin ƙasar Hesse-Kassel, ya jawo shi jikinsa. Karl basarake ne mai son ƙere-ƙere. Ya ba Bessler masauki a fadarsa ta Weissenstein kusa da Kassel, ya naɗa shi mai ba da shawara kan harkar ciniki. An kuma ruwaito cewa shi kaɗai ne aka taɓa nuna wa cikin wilin, bayan ya biya kuɗi ya kuma yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Ya cika alkawarinsa har ya koma ga Mahaliccinsa a 1730.

A Weissenstein Bessler ya gina wilinsa mafi shahara, mai faɗin ƙafa 12 da kaurin inci 14, an lulluɓe shi da kyalle mai kakin zuma. Ranar 12 ga Nuwamba, 1717, aka tayar da shi, aka kulle ɗakin, aka buga hatimin sarki a ƙofa. Bayan mako biyu, ranar 26 ga wata, aka buɗe aka same shi yana juyawa. Aka sake rufewa. Ranar 4 ga Janairu, 1718, aka karya hatimi aka shiga, aka tarar yana nan yana juyi 26 a minti ɗaya. Kwana 54 ke nan. Sarki ya sa hannu a takardar shaida, labari ya game Turai.

Bessler ya sa wa sirrinsa farashi: kuɗin azurfa na thaler 100,000, kwatankwacin fam 20,000 na Ingila a wancan zamani. Af, daga sunan wannan kuɗi na thaler ne kalmar dala ta samo asali, ta biyo ta bakin Turawa har ta iso Hausa. Sharaɗinsa kuwa bai taɓa canzawa ba, a ajiye kuɗi tukuna kafin a buɗe. Sarkin Rasha, Peter Mai Girma, ya yi sha'awar saye har ya tura wakili ya kuma nemi shawarar Wolff, amma ya rasu a farkon 1725 ba a ƙulla ciniki ba.

A 1721 manyan baƙi biyu suka duba wilin. Ɗaya shi ne Joseph Emanuel Fischer von Erlach, masanin gine-gine daga Vienna, wanda ya kasa kunne ya ce yana jin kamar faɗuwar nauyaye takwas a kowane juyi. Na biyu shi ne Willem 's Gravesande, farfesa a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa yaɗa ilimin Isaac Newton a Turai. Ya duba sandar tsakiya da mazauninta da kyau, bai ga wata igiya ko ƙarfe da ya haɗa wilin da waje ba, ya rubuta wa Newton wasiƙa yana ba shi labari. Babu wata amsa ta Newton da aka samu. Shi kuwa Bessler, da ya ji irin binciken ƙwaƙwaf ɗin da farfesan ya yi, sai ya fusata ya farfasa wilin da hannunsa, ya rubuta a bango cewa shisshigin 's Gravesande ne ya jawo.

A nan na fi daɗewa ina tunani. Mutumin da ya gano abin da zai sauya duniya, ga babban masani ya zo yana neman ya gaskata shi, mene ne abin fushi? Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma duk waɗannan masana da sarakuna bayan ganga suka gani. Sun ga juyi, sun ji ƙara, sun ga hatimi a ƙofa. Gwajin da aka yi musu duk mai injin ne ya tsara iyakarsa, kuma iyakar kullum tana tsayawa ne daidai bakin kyallen da ya rufe wilin.

Tonon asiri

A watan Nuwamba na 1727 wata 'yar aikin gidansa mai suna Anne Rosine Mauersberger ta gudu, ta je gaban hukuma ta ba da shaida cewa yaudara ce. Ta ce ita da matar Bessler da ɗan'uwansa Gottfried da shi kansa Bessler ne suke karɓa-karɓa suna juya wilin daga ɗaki na kusa, ta hanyar wani siririn ƙarfe da aka ɓoye cikin ginshiƙi, kuma an sa ta yi rantsuwa ba za ta faɗa ba. Wato kusan abin da Borlach ya zana shekaru goma sha ɗaya kafin nan. Abin mamaki, 's Gravesande bai yarda da ita ba. Ya ce shi ya duba mazaunin sandar da idonsa, kuma ko da yake yana ganin Bessler kamar mai taɓin hankali ne, bai ga yadda bayaninta zai yiwu ba.

Har yau masu tarihi sun rabu kan dabarar da aka yi amfani da ita, wasu sun karɓi maganar 'yar aikin, wasu sun fi karkata ga sifirin da aka ɓoye kamar yadda Wagner ya nuna. Inda ba a rabu ba shi ne cewa wilin ba kansa yake juyawa ba. Kada kuma mu yi saurin yi wa 's Gravesande dariya, domin a zamaninsa ba a gama tantance dokar da ta haramta irin wannan inji ba. Masana na ta jayayya kan yadda za a auna ƙarfin abu mai motsi, shi kansa yana cikin masu gwaji, yana sakin ƙwallayen tagulla a kan laka yana auna zurfin ramin da suka yi. Hatta kalmomin ba su zauna ba. Abin da Leibniz ya kira da Latinanci ƙarfi mai rai, sai bayan fiye da shekara ɗari aka daidaita ma'anarsa aka ba shi sunan da ake koyarwa yanzu.

Mu ma muna da irin wannan matsala a Hausa. Kalmar ƙarfi ita ce muke amfani da ita ga ƙarfin damtse da ƙarfin inji da ƙarfin wuta, alhali a kimiyya abubuwa ne mabambanta. Amma wadda masu fassara suka zaɓa, wato makamashi, ta burge ni. Asalinta itace ne ko kara ko gawayi, abin da ake sa wa wuta ta ci. Duk wanda ya taɓa hura murhu ya san makamashi ƙarewa yake yi, kuma tukunya ba ta tafasa da tunanin itacen jiya.

Me ya sa ba zai yiwu ba?

Bayanin bai da wuya kamar yadda na zata. A ɗauki wilin da aka jera wa nauyaye. Gaskiya ne waɗanda ke gefen sauka sun fi nisa daga tsakiya, don haka sun fi ja. Amma idan aka ƙirga za a ga waɗanda ke gefen hawa sun fi yawa, ko da yake sun fi kusa da tsakiya. Ribar da aka ci a nan an biya ta a can. Kowane nauyi da ya sauko dole a mayar da shi daidai inda ya fito kafin ya sake saukowa, kuma aikin ɗaga shi daidai yake da abin da ya bayar wajen faɗowa. Gugan da ya faɗa rijiya da gudu, sai an sa hannu an jawo shi. Bayan haka ga gogayya a mazaunin sanda, ga iskar da wilin ke kutsawa, kowannensu na cin nasa kaso yana mayar da shi zafi. Saboda haka wilin zai yi ta rage gudu har ya tsaya.

A 1775 Cibiyar Kimiyya ta birnin Paris ta yanke shawarar daina duba duk wani inji da aka ce yana juya kansa har abada, saboda ɓata lokaci da dukiyar da abin ke jawowa. Cikakkiyar hujja ta zo a tsakanin 1842 da 1847, ta ayyukan Julius Robert Mayer da James Joule da Hermann von Helmholtz, waɗanda suka tabbatar da cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, ba ya kuma ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Duk da haka masu da'awa ba su daina ba. A 1813 a birnin New York na Amurka, injiniya Robert Fulton ya lura injin wani Charles Redheffer yana tangaɗi a juyinsa kamar abin da hannu ke murzawa. Ya ɓamɓare wasu katakai, ya bi wata igiya har wani ɗaki a sama, ya tarar da wani tsoho yana juya marfi.

Wani zai ce, to ai ga ruwan Matsirga can kusa da mu, yana zuba dare da rana ba wanda ke zuba masa mai. Haka ne, amma rana ce ke ɗaga ruwa ya zama girgije, ya sauka a kan duwatsun Kagoro, ya gangaro. Akwai mai biya, ba mu ne ba kawai. Haka farantin sola, haka injin iska. Akwatin da aka nuna wa Kawu kuwa ba shi da rana, ba shi da kogi. Motar tana zubar da wani kaso na wutar a matsayin zafi, altaneta ma haka, bel da boris ma haka, ga ƙwai da fanka suna ja. Abin da ke komawa batir bai taɓa kai abin da ya fita ba. Ban ce matashin nan macuci ne ba, wataƙila shi ma ya yarda da abinsa, don idan batir na da girma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya nuna gajiya. Shawarar da na ba Kawu ita ce a bar akwatin a shagonsa a kunne, da dutsen guga a jone, daga safe zuwa dare, kafin a yi maganar kuɗi. Matashin ya ce zai dawo da shi ranar Asabar. Keken ɗinkin na nan a shago har yanzu.

Akwai wani abu da na tsinta wanda ya shafe mu mutanen Kafanchan kai tsaye. A shekarar da Bessler ya fito da wilinsa a Gera, wato 1712, a cikinta ne wani maƙeri Bature, Thomas Newcomen, ya kafa injinsa mai aiki da tururi kusa da Dudley a Ingila, don janye ruwa daga ramin haƙar kwal. Tunanin tura fistin da tururi kuwa Denis Papin ya riga ya bayyana shi a rubuce tun 1690, kuma Papin ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wannan sarki Karl ɗin dai, har ya bar Kassel a 1707. Injin Newcomen mummuna ne, ga ci kamar gara, amma kowa na iya zagaya shi ya ga tukunyarsa da bututansa. Aka kwaikwaye shi, James Watt ya gyara shi, na baya suka ɗora shi a kan dogo. Jikokinsa ne suka iso Kafanchan da layin dogo ya ratso a 1927, suna cin kwal ɗin Inugu, suka mayar da garinmu mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos. Kakana ya yi aiki a loko, kuma abin da ya fi yawan ba mu labari shi ne nauyin shebur ɗin da ake ɗura wa injin kwal da shi.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan shaidar 'yar aikin da rasuwar sarki Karl, tauraron Bessler ya dushe. Ya zauna a garin Karlshafen, yana ta shelar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire da ba su sami mai saye ba, talauci kuma ya kama shi. Aikinsa na ƙarshe shi ne gina injin niƙa mai aiki da iska a Fürstenberg, wato dai inji mai karɓar ƙarfinsa daga waje kamar kowane. A kan wannan gini ne ya faɗo, ya rasu ranar 30 ga Nuwamba, 1745, yana da kimanin shekara 65.

A cikin kayan da ya bari an sami tarin zane-zane 141 na injuna iri-iri da ya shirya don wani littafi da bai kai ga bugawa ba, wanda ake kira Maschinen Tractate. A jikinsu ya rubuta cewa zanen da ke nuna ainihin sirrin ya ƙone wasu ya binne wasu, amma mai basira zai iya haɗa ragowar ya gano. Takardun suna ajiye a Kassel, kuma har yanzu akwai masu bin su shafi-shafi, suna ƙirga haruffan littattafansa ko za su dace da wani zaurancen da ya ɓoye a ciki.